Daga Kolkata zuwa tsaunukan Darjilin da Sikkim: yadda shayi, gudun hijira da rikicin iyaka suka gina hanyar 'yan yawon buɗe ido

Kowane dare, wajen ƙarfe goma, jirgin ƙasa mai suna Darjeeling Mail yakan tashi daga tashar Sealdah da ke Kolkata, ya kwana yana keta gonakin shinkafar Bengal, gari na wayewa ya isa New Jalpaiguri. Duk da sunansa, ba ya taka Darjilin. A New Jalpaiguri fasinja ke sauka, ya tarar da direbobin jif suna ƙwala kiran sunayen garuruwa kamar yadda 'yan kamasho ke yi a kowace tasha. Sai an cika mutum goma a tashi. Bayan sa'a uku da hawa, wanda ya baro Kolkata yana sharce gumi zai fara lalube jaka yana neman rigar sanyi.

Kamfanonin yawon buɗe ido sun daɗe da tsara wannan tafiya: kwana biyu a Kolkata, uku a Darjilin, biyu ko uku a Gangtok babban birnin jihar Sikkim, sai a leƙa Kalimpong a kan hanyar dawowa. Hotunan tallarsu duk iri ɗaya ne. Ƙaramin jirgi mai hayaƙi, mata masu tsinkar ganyen shayi da kwando a baya, sai 'yan zuhudun addinin Buddha cikin jajayen mayafai a gaban tsauni mai dusar ƙanƙara. Wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha ganin waɗannan wurare ko da bai san sunansu ba. Saƙon da hotunan ke isarwa shi ne cewa can sama akwai wata tsohuwar duniya da zamani bai taɓa ba. Ni kuwa a ganina yawancin abin da baƙo zai gani a can bai kai shekara ɗari biyu ba, wani ma bai cika saba'in ba, kuma abubuwa uku ne suka samar da shi: Turawan da zafin Kolkata ya kora, shayin da suka shuka, da rufe iyakar Tibet tsakanin 1959 da 1962. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai gane duk abin da ya gani a hanya.

Dole a fara daga Kolkata, domin ita ce ta haifi garuruwan tsaunin. A bakin kogin Hugli kamfanin ciniki na Ingila mai suna East India ya kafa sansani a 1690, daga nan birnin ya zama hedikwatar mulkin Birtaniya a Indiya har 1911, lokacin da aka sanar da mayar da gwamnati Delhi. Sunan Kalkata da Turawa suka sani an sauya shi zuwa Kolkata a 2001. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 14 a birnin da kewayensa. Baƙo mai kwana biyu ana kai shi gadar Howrah da aka buɗe a 1943, da farin ginin marmara na tunawa da Sarauniya Victoria da aka kammala a 1921, da layin masu sayar da littattafai na College Street. A nan ne aka fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a duk Indiya, a 1984, amma har yanzu a wasu lungunan za ka ga mutum yana jan keken fasinja da ƙafarsa.

Musulmi ba zai ji baƙunta ba a birnin. Masallacin Nakhoda, mafi girma a Kolkata, yana tsakiyar kasuwa, layin Zakaria da ke gefensa kuma yakan cika maƙil da masu sayar da kayan buɗa baki a watan azumi. Akwai masallacin Tipu Sultan, sarkin Mysore a kudancin Indiya, da ɗansa ya gina a 1842. Ko shinkafar biriyani ta garin tana da labari: bayan Turawa sun tuɓe Wajid Ali Shah, sarkin Awadh na ƙarshe, a 1856, sai ya dawo unguwar Metiabruz da fadawansa da masu dafa masa abinci, kuma daga wajensu ake danganta biriyanin Kolkata mai ɗauke da dankalin Turawa ƙato a ciki.

Wuri ɗaya ne nake ganin bai kamata mai niyyar hawa tsauni ya tsallake ba, shi ne gidan tarihin Indiya da aka kafa a 1814. A cikinsa akwai sassaƙaƙƙun duwatsun Bharhut da sauran kayan tarihin addinin Buddha da suka haura shekara dubu biyu. Amfanin ganinsu shi ne mutum ya san cewa addinin nan asalinsa na ƙasa ne, na filayen kogin Ganga masu zafi. A Bodh Gaya, cikin jihar Bihar mai maƙwabtaka, mabiyansa suka yi imani Buddha ya sami wayewarsa. Sarakunan Pala na Bengal sun ɗauki nauyin manyan makarantunsa na ƙarnoni. Wani malami ɗan Bengal mai suna Atisha ya haura Tibet a 1042 ya farfaɗo da karatun addinin a can. Bayan an rusa makarantu irin su Nalanda wajen shekarar 1200, addinin ya dusashe a mahaifarsa, littattafansa suka tsira cikin harshen Tibet. Abin da baƙo zai tarar a Darjilin da Sikkim, ke nan, kaya ne da suka bar ƙasa suka haura, suka yi ɗaruruwan shekaru a Tibet suka ɗauki kamannin wurin, sannan suka gangaro ta ɗaya gefen.

Zafi da zazzaɓi ne suka sa Turawan Kolkata neman mafaka. A lokacin Darjilin ƙasar sarkin Sikkim ce, tudu ne mai daji da 'yan gidajen ƙabilar Lepcha da wani ƙaramin gidan ibada. Sunan daga harshen Tibet yake, Dorje Ling, wato wurin tsawa. Gorkawan Nepal sun taɓa ƙwace yankin, Turawa suka yaƙe su suka mayar wa Sikkim a 1817, shi ya sa da suka zo neman tudun a 1835 sarkin ba shi da bakin cewa a'a. Aka sa masa diyya rupi 3,000 a shekara, daga baya aka ninka. A 1849 Sikkim ta tsare jami'in da ke kula da Darjilin, Archibald Campbell, tare da masanin tsirrai Joseph Hooker. Wannan ya ba Turawa hujjar da suke nema: suka dakatar da diyyar, suka ƙara yankar ƙasa. Tsarin gudun zafi zuwa kan tudu ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin Jos, inda jami'an mulkin mallaka ke zuwa shan iska, har sunan Hill Station ya zauna a garin.

Campbell ɗin nan ne ya gwada shuka shayi a 1841 da irin da ya samo asali daga Sin. Ya kama. Sai dai gonar shayi hannu take ci, mutanen wurin kuma ba su da yawa, don haka aka buɗe ƙofa ga leburori daga Nepal. Cikin shekara goma mazauna yankin suka tashi daga 'yan tsiraru zuwa kusan dubu goma. Jikokinsu ne mafi rinjaye a yau, kuma harshen Nepal ne ake ciniki da shi daga Darjilin har Gangtok. Wannan ke ba baƙi da yawa mamaki, domin sun zo neman ƙasar mabiya Buddha sai su tarar yawancin jama'a mabiya Hindu ne. A Sikkim kanta mabiya Buddha sun ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai.

Gonaki 87 ne doka ta yarda su kira ganyensu shayin Darjilin, kuma shi ne kayan Indiya na farko da ya sami rajistar kariyar sunan asali, a 2004. Wanda ya saba da shayin teburin mai shayi, mai kauri da madara da sukari, zai kurɓi wannan ya ce ruwan zafi aka ba shi. Ruwansa fatsi-fatsi ne, ƙamshi ake saye, kuma tsinkar farko ta watan Maris ita ce mafi tsada. Kuɗin kuwa Kolkata yake gangarawa, inda ake gwanjon shayi tun 1861. Matan da ake ɗauka hoto da kwando, ladansu na yini bai kai dala huɗu ba. Abin da gonakin ke samarwa ya ragu sosai, ya faɗi ƙasa da kilo miliyan 7 a shekara, saboda tsufan itatuwa, sauyin ruwan sama, gasar shayin Nepal mai araha, da matasan da ba sa son gadon aikin iyayensu.

Shayin ne ya jawo jirgin. An kammala layin a 1881, tsawonsa kilomita 88, faɗin tsakanin ƙarafan ƙafa biyu kacal. Injiniyoyin ba su huda dutse ba. Inda hawan ya yi tsauri sai jirgin ya zagaya kansa ya bi ta saman inda ya wuce, ko ya ja baya ya sake yin gaba yana hawa a karkace. Tasharsa mafi tsayi ita ce Ghum, mita 2,258. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Tafiyar gaba ɗaya tana cin sama da sa'a bakwai, shi ya sa yawancin baƙi ke hawa jif, su kuma yi gajeren zagaye daga Darjilin zuwa Ghum su dawo. Jirgin yana bi ta gaban shaguna daf da daf, har mai kanti ya ja kwandon kayan miyansa baya.

A bayan wannan kyau akwai tsohon miki. Darjilin tana ƙarƙashin jihar Bengal ta Yamma, ana mulkinta daga Kolkata, mutanenta kuwa ba Bengalawa ba ne. Neman jiharsu ta kansu, Gorkhaland, ya rikiɗe zuwa tashin hankali tsakanin 1986 da 1988 ƙarƙashin Subhash Ghising, inda aka rasa rayuka sama da dubu. An ba su majalisar yanki a 1988, aka sake mata fasali a 2012, amma a 2017 aka yi yajin aikin gama-gari na kwana 104 wanda ya rufe kasuwanni, makarantu da gonakin shayi, aka yi asarar tsinka ta biyu ta shekarar. Garin kansa an tsara shi ne don mutane kaɗan, yanzu ya haura dubu ɗari, ban da baƙi. Tafkunan da ke ba shi ruwa na zamanin Turawa ne. Wuri ne da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, amma da rani sai ka ga jarkoki a jere ana jiran tanka.

Da ƙarfe huɗu na asuba ake tashin baƙi a kai su Tiger Hill, mita 2,590, su ga hasken rana na farko ya faɗa kan Kanchenjunga. Tsayinsa mita 8,586, shi ne na uku a duniya. Mutanen Sikkim suna ɗaukarsa mai tsarki, har ma Turawa biyun da suka fara hawansa a 1955, Joe Brown da George Band, suka tsaya 'yan taku kafin ƙololuwa saboda alƙawarin da aka yi wa sarkin Sikkim. Ba kowa ke dacewa da ganinsa ba. Wani ya kwana uku yana sammako gajimare bai yaye ba. A cikin gari akwai makarantar koyon hawan tsauni da aka kafa a 1954, shekara guda bayan Tenzing Norgay, mazaunin Darjilin, ya taka saman Everest tare da Edmund Hillary.

A kan hanyar saukowa daga Tiger Hill ake tsayawa a gidan zuhudu na farko, Yiga Choeling da ke Ghum, wanda wani lama, wato malamin addinin Buddha na Tibet, ɗan Mongoliya ya kafa a ƙarni na 19. Irin wannan gida sunansa gompa. Daga nan har ƙarshen tafiya baƙo zai shiga biyar ko shida, kuma idan bai san abin da yake kallo ba duk za su zame masa ɗaya.

Addinin Buddha na Tibet yana da manyan rassa huɗu. Nyingma ne mafi tsufa, yana danganta kansa ga Padmasambhava, malamin da ya shigar da addinin Tibet a ƙarni na 8, kuma shi ne reshen gidan sarautar Sikkim. Sai Kagyu, sai Sakya, sai Gelug, reshen Dalai Lama, babban jagoran addinin Tibet, masu rawayar hula. Na Ghum na Gelug ne, a cikinsa akwai mutum-mutumin Maitreya mai tsayin kusan mita biyar, wato Buddhan da suke jiran zuwansa nan gaba. Tsarin ginin kusan ɗaya ne ko'ina: fili a gaba inda ake rawar bukukuwa da fuskokin katako, zaure mai zane-zane, sai babban ɗaki mai dogayen kujeru ƙasa-ƙasa da ke fuskantar juna, fitilun man shanu na ci a gaba. Da sassafe da yamma ake zaman karatu, da ganguna da kuge da dogayen ƙahonni masu kama da kakaki.

Akwai abubuwan da idon Bahaushe zai kama nan take. Littattafansu ba a ɗinke suke ba, dogayen warƙoƙi ne a jere tsakanin katako biyu, a naɗe da ƙyalle, kamar yadda ake adana rubutaccen littafi cikin gafaka. Yara ƙanana da iyayensu suka kawo daga ƙauyuka masu nisa suna zaune suna rangaji suna haddar darasi da ƙarfi, babba na zagayawa a bayansu. Tsofaffi na jan carbi mai ƙwaya 108. Kamannin a sura yake kawai, aƙida kuwa ta yi hannun riga, domin addinin bai ginu kan imani da Mahalicci ba, ya ginu ne kan neman kuɓuta daga sake dawowa duniya. Tutocin da ke kaɗawa a kan kowane tudu launi biyar ne, shuɗi, fari, ja, kore da rawaya, suna wakiltar sama, iska, wuta, ruwa da ƙasa, an buga addu'o'i a jikinsu da imanin iska za ta yaɗa su. Haka ma gangunan ƙarfen da ake juyawa da hannu, cike suke da rubuce-rubuce.

Ladabin shiga ba shi da wuya. A cire takalmi, a rage murya, kada a miƙe ƙafa wajen mutum-mutumi ko littafi, kada a ɗauki hoto a ciki sai da izini. Idan za a zagaya gini ana barinsa ne a hannun dama, akasin ɗawafi, don haka alhaji ya lura da ƙafarsa. Ba wanda zai tilasta wa baƙo rusunawa ko kunna fitila.

Daga Darjilin hanya na gangarawa tsulum zuwa kwarin kogin Tista, inda zafi ke dawowa, sannan ta sake hawa. A nan ne iyakar Sikkim, kuma a nan ne fasfo ke fitowa. Kusan duk ɗan ƙasar waje sai ya karɓi takardar izini ta musamman. An daɗe ana bayar da ita a shingen Rangpo cikin 'yan mintoci, amma shekaru da dama sunan Najeriya na cikin gajeren jerin ƙasashen da 'ya'yansu sai sun sami amincewar ma'aikatar cikin gida a Delhi tukuna, tare da irin su Pakistan da Sin. Ɗalibi ko mai jinya ɗan Najeriya da ke Indiya, idan ya yi sha'awar leƙawa, ya fara binciken wannan tun kafin ya sayi tikiti. Darjilin da Kalimpong ba sa buƙatar takardar.

Dalilin wannan tsaro yana cikin taswira. Sikkim 'yar ƙaramar jiha ce da ta maƙale tsakanin Nepal, Butan da Tibet, a ƙasanta kuma akwai siririn zirin Siliguri, mai faɗin kilomita ashirin da 'yan kai, wanda Indiyawa ke kira wuyan kaza, shi kaɗai ya haɗa arewa maso gabashin ƙasar da sauran jikinta. Sikkim ta zama masarauta a 1642, lokacin da lamomi uku suka naɗa Phuntsog Namgyal a Yuksom da sarautar Chogyal, wato sarkin addini. Tsofaffin gidajen zuhudu na gaske a yammacin jihar suke: Dubdi na 1701, Pemayangtse na 1705, da Tashiding, inda duk shekara ake buɗe wani tulu a duba yawan ruwan cikinsa a fassara yadda shekarar za ta kasance. Mai kwana biyu a Gangtok ba zai kai can ba, abin takaici, domin su ne suka fi kusa da hoton da aka tallata masa.

Turawa sun mayar da masarautar ƙarƙashin kariyarsu, suka ajiye mata jami'in siyasa a 1889, kuma ta cikinta rundunar Francis Younghusband ta bi zuwa Lhasa a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan. Bayan 'yancin Indiya aka ci gaba da tsarin kariya. Amma yawan jama'a ya riga ya juya, masu harshen Nepal sun rinjayi ƙabilun Bhutia da Lepcha da sarautar ta dogara da su. Zanga-zangar 1973 ta raunana fada. A Afrilun 1975 sojojin Indiya suka kwance ɗamarar dogaran sarki, aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta ba da sama da kashi 97 cikin ɗari ga soke sarauta, ranar 16 ga Mayu Sikkim ta zama jiha ta 22. Indiya na kiran abin zaɓin jama'a, wasu har gobe haɗiya suke kiransa. Jihar ce mafi ƙarancin jama'a a ƙasar, mutum dubu 610 a ƙidayar 2011. Gangtok ta fi Darjilin tsabta da tsari nesa ba kusa ba, babban titinta an hana mota shiga, kuma tun 2016 aka ayyana jihar a matsayin wadda ba ta noma da takin zamani.

Kilomita 24 daga Gangtok, a tudun da ke fuskantarta, Rumtek yake. Shi ne gidan zuhudun da ya fi kowanne suna a yankin, kuma an buɗe shi ne a 1966. A ƙofarsa jami'an tsaro ne da bindigogi, suna karɓar fasfo suna rubutawa.

Bayanin bindigogin yana buƙatar komawa baya. A Tibet, idan babban lama ya mutu, ba ɗansa ke gadonsa ba. Ana neman yaron da aka yi imani shi ne mamacin ya dawo cikin sabon jiki, a ɗauko shi a rene shi, ya gaji kujera da dukiya da mabiya. Silsilar Karmapa, shugaban reshen Karma Kagyu, ita ce mafi daɗewa a wannan tsari, tun ƙarni na 12, ta girmi ta Dalai Lama. Da Sin ta murƙushe boren Lhasa a 1959, Dalai Lama ya tsallaka Indiya, mutum wajen dubu 80 suka biyo sawunsa. Karmapa na 16 ya iso Sikkim da kayan gadon silsilarsa, ciki har da baƙar hular da suke girmamawa, sarki ya ba shi fili, ya gina Rumtek a madadin gidansa na Tsurphu da ya baro. Ya rasu a Amurka a 1981.

Daga nan manyan almajiransa suka rabu. A 1992 ɓangaren Tai Situ ya gabatar da wani yaro a Tibet, Ogyen Trinley Dorje, kuma abin da ba a saba gani ba ya faru: Dalai Lama da gwamnatin Sin duka suka amince da shi. Shamar Rinpoche ya ƙi, ya gabatar da nasa, Trinley Thaye Dorje, a 1994. Kafin nan, a 1993, an ba hammata iska a cikin Rumtek, magana ta tafi kotu ta daɗe a can. A ƙarshen 1999 yaron farko, yana ɗan shekara 14, ya sulale daga Tibet ya ɓulla a Dharamsala, mazaunin Dalai Lama a Indiya, amma hukumomin Indiya, saboda zargin da suke yi wa duk abin da ya fito daga hannun Sin, suka yi shekaru suna taƙaita zirga-zirgarsa. Mutanen biyu sun gana a Faransa a 2018 suka yi kiran haɗin kai. Duk da haka kujerar Rumtek ba wanda ya zauna a kanta. Wanda ya san yadda rikicin gadon sarauta ko na halifanci ke raba gida ba ya buƙatar ƙarin bayani, sai dai a nan manyan ƙasashe biyu ne ke leƙe ta taga.

Kalimpong ce ake wucewa da sauri, ni kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ƙasar Butan ce har 1865, lokacin da Turawa suka karɓe ta bayan yaƙi. Tana kan mita 1,250, sanyinta da sauƙi. Nan ne zangon fataken Tibet. Ayarin alfadarai na gangarowa ta mashigin Jelep La ɗauke da ulu da jelar yak, wato saniyar tsaunin Tibet, da miski, su koma da yadi da sukari da kayan masana'anta, ulun kuma ya wuce tashar jiragen ruwan Kolkata zuwa Amurka da Ingila. Dalai Lama na 13 ya yi zaman hijira a yankin tsakanin 1910 da 1912. Wani Kirista mai suna Tharchin ya riƙa buga jarida cikin harshen Tibet a garin tun 1925. A shekarun 1950 garin ya cika da attajiran Lhasa da suka gudo da dukiyarsu da 'yan leƙen asirin ƙasashe daban-daban. Yaƙin Indiya da Sin na 1962 ya rufe mashigin, fatauci ya mutu a tsaye, garin ya koma rayuwa da makarantun kwana da renon furanni. Mashigin Nathu La da ke Sikkim, mai tsayin mita 4,310, an sake buɗe shi a 2006 don ƙaramin ciniki, amma ba a barin ɗan ƙasar waje ya je. Jelep La na nan a rufe.

Cikin waɗanda suka baro Lhasa akwai Musulmin Tibet, da ake kira Kache, jikokin fataken Kashmir da suka auri matan wurin ƙarnoni da suka wuce. Wajen 1960 suka fito, yawancinsu suka wuce Srinagar, wasu iyalai suka zauna a Kalimpong, Darjilin da Gangtok. Akwai masallacin Juma'a a garuruwan uku, kuma a kewayensu ake samun naman da hankali zai kwanta da shi. A sauran wurare a yi tambaya kafin a ci momo, ƙullin fulawar da ake turarawa da nama a ciki, ko miyar taliya ta thukpa, domin naman alade na yawo sosai a tsaunin. Na ganye zalla yana ko'ina. Idan aka miƙo gorar katako da tsinken zuƙa, tongba ce, giyar gero.

Lokacin tafiya shi ke yanke komai. Daga Oktoba zuwa farkon Disamba sama ta fi washewa, Maris zuwa Mayu furanni ke buɗewa amma hazo na yawan rufe tsaunin. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, ƙasa na zaftarewa, babbar hanyar da ta bi gefen Tista zuwa Gangtok takan yanke na kwanaki. Tsaunukan Himalaya har yanzu motsi suke. Girgizar ƙasa ta Satumban 2011 ta tsattsage gidajen zuhudu da dama a Sikkim, a Oktoban 2023 kuma tafkin Lhonak ta Kudu da narkewar ƙanƙara ta cika ya ɓalle cikin dare, ruwan ya share madatsar lantarki ta Chungthang da gadoji da unguwannin bakin kogi, ya kashe mutane da dama har da sojoji. Tazarar Siliguri zuwa Gangtok ba ta wuce kilomita 120 ba, amma kada a lissafa ta da ma'aunin hanyar Kano zuwa Zariya. Direban jif zai ce sa'a huɗu, mai jirgin da zai kama a filin Bagdogra da ke kusa da Siliguri ya ware shida.